Maɓallin Iso a Zauren Malam Sidi

Ku jawo bencin nan cikin inuwa, ku kife wayoyin. Na ji abin da kuke faɗa ɗazu ina alwala, kun ɗauka kunnen Bala Kebul ya tsufa. Wai buɗe wa saba hanyar shiga daga nesa ba aiki ba ne, 'yan layuka ne mutum zai kwafo a intanet ya manna, ya tafi shan shayi. To, ban ƙaryata ku ba, layukan ba su da yawa. Amma da a nan aikin ya tsaya, da tuni na koma sayar da rake a bakin kasuwar Tudun Wada, don masu sayen rake sun fi kwamfuta hira. Bari in ba ku labari, in na gama sai ku nuna mini shafin da ake kwafo sauran.

Saboda mai awarar nan da ta tsaya tana saurare, bari in fara daga tushe. Saba kwamfuta ce da ba a kashewa. Ana ajiye ta a wani lungu, aikinta ta riƙe kayan mutane, takardun ofis ne, hotuna ne, muryoyi ne, duk mai haƙƙi ya nema ta miƙa masa. In ta yi gardama, ko dai ka tashi ka je inda take, ko kuma tun farko ka yanka mata ƙofa ta cikin waya, yadda kana zaune a Zariya za ka ba ta umarni tana Sakkwato kamar kana gabanta. Ƙofar nan ita muke kira SSH. Sana'ata ke nan: in yanka ƙofa, in sa mata kwado, in san wa za a ba makulli.

A shagon Injiniya Tanimu na koya, can Kongo, inda ɗalibai ke kawo firojet a buga musu. Siririn mutum ne mai son goro, ba ya faɗa, sai dai ya kalle ka ta saman tabarau har ka tuna abin da ka yi. Damina guda na yi bai bar ni na taɓa komai ba sai kan kebul. In fere, in jera 'yan wayoyin nan masu launi-launi, in matse da filaya. Daga nan sunan ya bi ni, har a wurin ɗaurin aurena da shi maroƙi ya kira ni. Ranar da ya yarda na zauna gaban baƙin allon nan da ake rubuta wa saba umarni, ya ba ni jakar fata, ga ta can a rataye har yau. A ciki akwai filayar matse kebul, sukundireba babba da ƙarami, tocila, shuɗin kebul ɗin da ake shiga na'ura ta baya in ta ƙi magana ta gaba, da tsohon buroshin haƙori na share fanka. Ya ce duk wanda ya raina buroshin nan zai sayi sabuwar fanka.

Doka ɗaya ya kafa mini. In kana canza kwado daga nesa, kada ka rufe tagar da ka shiga da ita sai ka buɗe wata ka ga sabon makullin ya yi. Wata rana muna gyaran sabar wani kanti da ke Gusau, na gama, na kai hannu zan rufe. Sai ya ɗora nasa hannun a kan nawa, ya ci gaba da taunar goronsa. Na buɗe taga ta biyu, ta ƙi ni. Harafi ɗaya na tsallake. Da na rufe ta farkon, da na kulle kaina a waje, sai dai in nemi motar Gusau. Ya ɗauke hannun, ya ce in gyara, sannan in je in sayo masa goro fari.

Mota kam na hau ta a rayuwata. Akwai wani aiki a Yola, kafin masu ofis su yarda da shiga daga nesa. Na kwana a hanya, na isa ƙafafuna sun kumbura, aka kai ni ɗakin sabar, na danna maɓalli ɗaya, fanka ta juya. Mai ofishin ya dube ni ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Don kada tafiyar ta zama banza ya haɗa ni da kwalbar man shanu. A Njamena na tarar da saba a ɗaki ɗaya da ragon layya, ragon ya cinye rabin kebul, aka ce wai netiwok ne ba kyau. A Kwatano wani mai otal ya hana ni aiki sai na ci abinci, da na ci ya ce yanzu kuma ai barci ya kamata. Ko'ina na je, kwamfutar iri ɗaya ce. Mutanen ne daban.

Shi ya sa nake ce muku wahalar ba a layukan take ba. Akwai wani Alhaji mai sayar da taki, na sa masa fasuwod mai tsawo, na ce ya riƙe shi kaɗai. Da na dawo bayan wata biyu, direbansa ya sani, surukinsa ya sani, har mai shayin ƙofar shagon ya karanto mini shi da ka. Na yi magana, ya ce ai hana su sai a ce ya yi musu rowa, ko bai yarda da su ba. Ba mugunta ba ce, kirki ne. Amma ɓarayin intanet ba su san kirki ba, yawancinsu ma ba mutane ba ne, injuna ne ke bin ƙofa-ƙofa suna gwada fasuwod ba dare ba rana. Don haka na daina fasuwod, na koma kwado da makulli. Abu biyu kake ƙerawa tare. Kwadon ka rataya a jikin saba, kowa ya gani ba komai. Makullin yana cikin laftof ɗinka, ba ya fita, shi ma da kalmarsa da ke kanka. Alhaji ya yi fushi kwana biyu don ya rasa abin kyauta, daga baya ya saba.

To, duk aikin da na yi, wanda ya fi koya mini sana'ar ba a wata ƙasa na yi shi ba. A layinmu ne, bayan masallaci, gidan Malam Sidi.

Malam Sidi malamin zaure ne, manyan mutane masu furfura ke zuwa da littattafansu suna ɗaukar karatu a gabansa. Mai ɗakinsa, Malama Rakiya, ita kuma a cikin gida take koyar da matan aure, har da tawa matar, Zulai. Matsalar Malama ita ce ɗalibanta ba sa zama. Yau an yi wa mijin wannan canjin wurin aiki, gobe waccan ta bi 'ya'yanta kudu, karatu ya tsaya a tsakiya. Sai ɗansu da ke aiki a ƙasar waje ya aiko da wata 'yar saba, ya roƙe ni in haɗa. Na haɗa ta yadda mace tana Legas ko Fatakwal za ta buɗe wayarta ta ji darasin ranar da muryar Malama, ta biya nata ta turo, Malama ta saurara ta gyara mata. A zaure na yi aikin, na gama aka shiga da ita ɗakin Malama, don can batirin sola yake. Matan suka sa mata suna injin Malama.

Gidan kuwa ba a shiga. Ni da na tashi a layin ban taɓa wuce zaure ba. Don haka duk ranar da injin ya yi tari, sai mata su tsige wayoyinsa su fito mini da shi. Akwai ranar da aka fito da shi a kan gammo, an lulluɓe shi da leshi kamar kayan gara. In na gyara, Zulai ce ke mayar da wayoyin, na shafa wa kowane kebul jan farce kala daban don kada ta rikice. In kuwa ina tafiya, makaranta ta tsaya ke nan sai na dawo.

Na ga abin ba zai yiwu ba. Wata Litinin na je na durƙusa gaban Malam, na ce na samo mafita. Zan yanka wa injin ƙofa, ko ina Legas ne zan shiga in gyara, ba sai an wahalar da kowa ba. Har da ɗan taƙama na faɗa, irin wadda kuke yi yanzu.

Malam ya rufe littafin da ke gabansa, ya bar yatsa a shafin. Ya tambaye ni in na shiga ɗin me zan gani. Na ce komai. Ya ce muryoyin matan mutane fa? Na ce suna ciki. Ya ce abin ɗaukar maganar nan da ke kan teburin Malama, wanda ya shiga zai iya kunna shi daga can? Nan na so in yi kwana, amma Injiniya Tanimu bai koya mini yi wa mai kaya ƙarya ba. Na ce wanda ya shiga da cikakken iko zai iya.

"Ko muna barci?"

"Ko kuna barci, Allah gafarta Malam."

"Kuma ba wanda zai ji shigowarka."

Na ce babu. Ya zare yatsan daga littafin. Ya ce shi bai san haka abin yake ba, ashe akwatin da ya bari a ɗakin iyalinsa ana iya yi masa ƙofar da ba ta bi ta zaure ba. Ranar Juma'a in zo in ɗauki abina, a koma yadda ake da.

Na fara rantse-rantse, ya ɗaga mini hannu.

"Bala, kai na san mahaifinka, na san ka. Jakarka ce ban san wa zai tsince ta a tasha ba. Matan nan kuma amana ce, mazajensu ni suka sani."

Kun ga na je gyara na ɓaro aiki. Ba injin ne abin ji ba, matan nesa ne. Akwai wata Inna Asabe, 'yar layinmu ce da ta bi ɗanta Fatakwal tana sayar da kayan miya. Sai da ta yi furfura ta fara daga baƙi da wasali a hannun Malama, ta ce ba za ta karɓi karatu a bakin kowa ba sai ita. In aka fitar da injin, karatun Inna Asabe ya tsaya inda yake, ita da ire-irenta. A gida kuwa fushin Zulai a tukunya ya fito. Tuwo dai ya zo, amma miyar ta ranar ko kallon man shanu ba ta yi ba.

Ranar Alhamis na koma da hujjojina. Na yi bayanin kwado da makulli, na ce injin yana rubuta duk wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Malam ya ce wato bayan an shiga ɗin ne za a sani. Muna nan zaune sai muka ji gyaran murya daga bayan labulen ƙofar da ke shiga ciki. Malama ce. Ta gaishe ni, ta tambayi yara, sannan ta nemi Malam ya ba ta izinin magana ɗaya. Ya ce bismillah.

"Malam Bala, kai in ka zo gidan nan yaya kake yi?"

Na ce tsayawa nake a waje in yi sallama.

"In ba a amsa ba fa?"

"Sai in koma, Malama."

"To, shi injin ba a iya koya masa haka?"

Ana iyawa. Na san hanyar tun a shagon Kongo, muna amfani da ita in saba tana bayan katangar da ba mu da iko da ita, amma ban taɓa tunanin ta nan ba. Maimakon in yanka ƙofar da ni zan tura daga waje, sai in toshe ko'ina, ba ƙofar gyara ko ɗaya. Injin ne da kansa zai miƙo hannu daga ciki, ya kira wata 'yar saba da nake haya, ni kuma in bi ta wannan hannun in shiga. In bai miƙo ba, ko makullina yana hannun wa, bango zai tarar. Abin da ya rage shi ne wa zai ce wa injin ya miƙo.

Na tafi Sabon Gari na sayo maɓallin ƙararrawar ƙofa, irin na gidajen ma'aikata, da koren ƙwan fitila guda biyu ƙanana. Na huda bango ta gefen zaure, na zura kebul, Zulai ta ja daga ciki tana ce mini na cika ƙarfi. Maɓallin na kafa shi daidai inda Malam ke jingina, kusa da buzunsa. Ƙwai ɗaya a zaure, ɗaya a ɗakin Malama. In an danna, injin ya miƙo hannu, ƙwayayen su kama, kowa a gidan ya san akwai namiji a cikin injin, mai karatu ta dakata, a zare abin ɗaukar magana. In an sake dannawa, hanya ta yanke. In an manta, ita da kanta take rufewa bayan ɗan lokaci.

Malam bai yarda da baki ba. Ranar Juma'a bayan an sauko ya zaunar da ni kusa da shi da laftof ɗina, ya ce in shiga ya gani. Na gwada, ta ƙi. Ya ce in ƙara ƙoƙari, kada in ji kunyarsa. Na gwada duk dabarar da na sani har gumi ya jiƙa mini hula. Ya kira wani dattijo cikin ɗalibansa ya zama shaida. Sannan ya sa ɗan yatsa ya danna. Kore ya kama, baƙin allo ya buɗe mini. Ina tsakiyar rubutu ya sake dannawa, na tsaya cak. Ya kalli ƙwan, ya kalle ni, ya sake dannawa. Haka ya dinga yi, yana kunna ni yana kashe ni, dattijon nan yana dariya har da riƙe ciki, sai da na ce Allah gafarta Malam, maɓallin ma yana gajiya. Injin dai bai fita ba. Daren ranar miya ta dawo hayyacinta.

Haka muka yi shekaru. In injin ya yi tari, Zulai ko ɗansu ya sanar da ni, ni kuma duk inda nake sai in kira 'yar ƙaramar wayar Malam mai tocila. In yi sallama, in gaishe shi, in ce ina neman iso. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Dakata." Sai ya kashe. Ni kuma in zauna ina kallon allo. Wani lokaci har in sha shayi in wanke kofi ba a danna ba. Wani lokaci ya kira ya ce ba yanzu ba, sai bayan la'asar. Na ɗauka shafin da yake karantarwa yake ƙarasawa, ko kuma haƙuri yake koya mini irin na malaman da. Har labari nake ba abokaina a tasha, ina cewa a duk kwastomomina ba mai tsaurin Malam Sidi, shi kaɗai ke da maɓalli kuma ba ya gaggawar dannawa.

Sai muguwar shekara ta zo. Manyan kwastomomina suka kwashe kayansu suka mayar wurin manyan kamfanonin waje, ba sa bukatar mai buroshin haƙori. Na koma bin ƙananan ayyuka a ƙetare. Ina Damagaram ina haɗa wa wani ɗakin shan magani saba, aka rufe iyaka. Na maƙale a can, ina kwana a shagon wani tela ɗan Zariya da ya ji tausayina, da rana ina taya shi guga don kada in ci abincinsa a banza. Wuyan riga kam na iya goge shi yanzu, in sana'ar nan ta ƙi ku zo in koya muku.

A cikin wannan hali, ranar wata Laraba, Zulai ta kira ta ce injin Malama ya tsaya. Ba ya karɓar karatu, ba ya bayarwa. Ga shi ranar Asabar ake walimar sauka, kuma cikin masu saukar har da Inna Asabe. An shirya za ta biya karatun saukarta daga Fatakwal, matan da suka taru a gidan Malama su ji ta ta cikin injin. Ta riga ta sayi rago ta ɗaure, ta gayyaci maƙwabtanta na kasuwa, har da waɗanda ba Musulmi ba, su zo su ga tsohuwa ta kai ƙarshe.

Na ce ba komai, bari in kira Malam. Zulai ta ce ai Malam ya tafi umara, wayar ma ya bar ta a kan buzu, ya ce ba ta aiki a can.

Kun ga inda na tsaya. Ga laftof, ga makulli, ga ɗan netiwok, amma ba iso. Kiran matar Malam kai tsaye kuwa, mijinta ba ya nan, in ce ta buɗe mini, ko a mafarki ban ga bakina yana faɗar haka ba. Na ce wa Zulai ta gaya wa Malama ina neman Malam, da zarar na same shi zan gyara. Ta je ta dawo, ta ce Malama ta ce to, a jira Malam.

Na shiga farautar tsoho a Makka daga shagon tela a Damagaram. Na kira ɗansu, ya ba ni lambar wanda ya shirya tafiyar. Shi ya ba ni lambar wani Alhaji ɗan Gyallesu da suke masauki ɗaya. In na kira, a ce Malam yana Harami. In na sake kira, a ce ya dawo ya kwanta, ba a tashinsa. Alhamis ta wuce haka. Inna Asabe kuwa ta hana Zulai sakat da waya, tana cewa ragon har ya saba da ita, in aka ƙara kwana ba za ta iya bari a yanka shi ba. Telan nan ya daina ɗinki ya koma taya ni kira.

Sai ranar Juma'a da yamma Alhajin Gyallesu ya kama Malam a bakin masauki ya miƙa masa waya. Malam ya ce lafiya nake nemansa har can? Na yi sallama, na gaishe shi da ibada, na kwashe komai na faɗa, na ce ina neman iso, ko zai ba da izini wani ya danna a madadinsa. Sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba, Malam Sidi yana dariya, har da tari.

"Bala, duk shekarun nan in na ce maka dakata, ina kake tsammani nake zuwa?"

Na ce na ɗauka shafi yake ƙarasawa.

"Ciki nake shiga in tambayi mai ɗakin. Ɗakinta ne, ɗalibanta ne, ita ta san lokacin da ba mai karatu. In ta ce a shigo in dawo in danna, in ta ce ba yanzu ba in gaya maka. Ni ɗan aike ne. Ka sa matarka ta kai mata sallamarka, ka bar ni in yi abin da ya kawo ni."

Na kira Zulai. Ta yafa mayafi ta tafi, ta tsaya a ƙofar ɗakin Malama ta buɗe muryar wayar. Na yi sallama daga Damagaram. Malama ta amsa cikakkiya, ba gaggawa, ta tambayi lafiyata, ta tambayi mutanen can da mai masaukina, kamar ba gobe ce walima ba. Na ce ina neman iso.

"Bismillah, Malam Bala. Ai tun shekaranjiya muke jiran sallamarka."

Zulai ta ce Malama da kanta ta fita zauren, tasbaha a hannu, ta danna. A wurina baƙin allo ya buɗe. Da na duba, ba wani ciwo ba ne, ma'ajiyar injin ce ta cika maƙil, ba wurin da zai ajiye ko numfashi. Na bi in ga me ya cika ta. Inna Asabe ce. Tsoron ranar ya sa ta dinga biya karatun tana turowa, ta biya ta turo, safe da yamma, mako da makonni. Na kwashe tsofaffin na mayar wata ma'ajiyar, ban goge mata ko ɗaya ba. Na tayar da injin, na buɗe taga ta biyu na gwada kafin in rufe ta farko, sannan na ce wa Zulai a kashe kore, na fita.

Ranar Asabar Inna Asabe ta biya karatunta. Ni ban ji ba, don ƙwan a kashe yake, ina waje inda ya kamata. Zulai ce ta ba ni labari, ta ce muryar tsohuwar ta ɗan yi rawa a farko sannan ta miƙe, da ta kai aya ta ƙarshe guɗar Fatakwal da ta Tudun Wada suka haɗu a cikin 'yar sifika ɗaya. Ragon ma an samu an yanka.

Da na samu kan Zulai na tambaye ta, ita dama ta san Malama ce ke ba da iso? Ta ce duk matan layin sun sani, ai a gabansu Malam ke zuwa bakin labule yana tambaya. Na ce to me ya hana ta gaya mini, na kwana biyu ina tayar da mutanen Makka? Ta ce ban tambaye ta ba, cewa na yi ta kai saƙo ina neman Malam, ta kuwa kai. Ita Malama kuma ba za ta aiko wa namijin waje cewa ba sai an jira mijinta ba. In ni na ga ya dace a jira Malam, to a jira Malam.

Bayan an buɗe iyaka na dawo, na je yi wa Malam barka da sauka, ya ba ni dabino da zamzam. Na ce ko in mayar da maɓallin ɗakin Malama, a rage masa zirga-zirga? Ya ce in tambaye ta. Zulai ta shiga ta fito, ta ce Malama ta ce a bar shi inda yake, tafiyar tana yi wa gwiwoyin Malam amfani.

Yana nan a zauren har yau, gefensa ya yi baƙi da yatsa. In na kira, har yanzu dakata yake ce mini, ni kuma in dakata.

Gobe akwai aiki a Hanwa, wani gida ne mai ɗakin karatu, biyu daga cikinku za su je. Layukan kun iya su, ban damu ba. Ku ɗauki jakar, kada ku bar buroshin. In kun isa kada ku yi saurin buɗe laftof. Ku zauna, ku sha ruwan da aka kawo muku, ku faɗa wa mai gidan gaskiyar abin da ƙofar za ta iya. In ya ce muku ku dakata ya tashi, ku lura da ƙofar da ya shiga.